Hayar suna: abin da muka je Kano muka gano kafin a buɗe akwati

 Waɗanda ke kusa da mu a nan Maradi sun ji ƙishin-ƙishin cewa ƙungiyarmu ta yi watanni ana zaman doya da manja. Gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Ga yadda abin ya faro, da tafiyar da ta biyo baya.

A tsakiyar bazara, ranar taronmu na sati, wani saurayi ya zo daga Yamai, ɗan mutunci, da jakar takardu a kafaɗa da kula a hannu. Ya buɗe kular ya raba mana gilas a ƙananan kofuna, irin wanda ƴan Najeriya ke kira askirim. Ku tuna zafin watan Afrilu, ana zaune gindin dogon yaro, ganye ko motsi ba ya yi. Kowa ta lashe cokalinta. Sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Zai ba mu hayar sunan shagonsa, abin da masu boko ke kira faranshiz. Zai kawo ƙaramin shago fentacce, da kwanjilatar, da riguna masu tambari, ya koya wa ƴan mata biyu haɗi. Mu kuma mu biya jika ɗari biyar kuɗin shiga, mu riƙa sayen garin haɗin a wurinsa shi kaɗai, duk ƙarshen wata mu ba shi kaso cikin abin da aka sayar.

Mu talatin da biyu ne. Ban da asusun bashi da ake rabawa duk shekara, muna da wani da muka ware shekara uku ke nan, muna ce masa asusun sana'a, ya kai miliyan ɗaya da jika ɗari biyu. Kuɗin ƙuli-ƙuli ne da na awara da na kitso, dala hamsin-hamsin aka tara su. Rabin mata suka ce a sa hannu tun wata ƙungiya ba ta riga mu ba. Wasu suka ce in dai hayar suna za a yi, to a nemi na abinci, kaji da shinkafa kusa da tasha, tunda ciki ba ya zuwa hutu. Akwatinmu makulli uku gare shi a hannun mata uku. Ɗaya daga cikinsu dattijuwa ce, tana cikin harkar asusu tun farkon Mata Masu Dubara da aka soma a nan jihar Maradi a 1991. Ta ƙulle makullinta a bakin zane ta ce: "In akuya ce, ina buɗe bakinta in ga haƙora. Shi suna, ina aka taɓa shi?"

Haka aka ci damina ana ja. Mata biyu har gaisuwa suka daina. Da aka gama girbi sai aka tsayar da magana: mutum huɗu su bi Hajiya shugabarmu, wadda ke zuwa Kantin Kwari sarin atamfa, su je Kano inda irin waɗannan shaguna suka yi yawa, su gani da idonsu. Aka biya kuɗin mota daga tarar masu zuwa taro a makare. Tafiyar ta haɗa Hajiya, da ma'ajiya, da sakatariya, da wata ƙaramar cikinmu da ta fi kowa son gilas ɗin, da Inna mai makulli, wadda ta ce ba za a je ganin abin da ita ta hana ba a bar ta gida.

Ba mu tashi ba sai da gari ya waye sarai, don kowa ya san hanyar Jibiya ba a yi mata sammako, ba a kuma yi mata dare. Ɗan Isa, iyaka, duba katin ɗan ƙasa, sauka da hawa. Wurin ƴan canji ƙaramarmu ta miƙa ƴan takardun sefa aka ba ta damin naira, ta riƙa dariya ta zama mai kuɗi, har sai da ta sayi ruwa da biredi a Katsina ta ga yadda damin ke narkewa. Daga nan Kankiya, Tsanyawa, Bichi. A wasu wurare mun hangi aikin layin dogo da aka aza harsashinsa a 2021, wanda za a kawo daga Kano har Maradi. Da muka ga manyan motocin hatsi sun yi layi a Dawanau muka san an iso. Muka sauka a Fagge, gidan ƙanwar Hajiya.

A gidan nan Allah ya haɗa mu da wanda ya fi mana amfani a tafiyar duka: ɗan masu gidan, wanda ya yi shekaru yana riƙe da sito da lissafi a wani gidan abinci. Shi ya yi mana jagora kwana uku, a adaidaita sahu, yana fassara mana farashi zuwa jika da dala.

Ranar farko ya kai mu Chicken Republic, shagon kaji mai launin ja da rawaya. Na ƴan Najeriya ne, a Legas aka fara shi a 2004, yau yana da rassa a garuruwa da yawa. Muka sayi shinkafa dafa-duka da kaza, muka zauna kusan awa biyu a kan faranti ɗai-ɗai. Ma'ajiya ta fito da carbinta ƙarƙashin hijabi, duk wanda ya biya kuɗi ta ja ɗaya. Mu kuma muna kallon hannun masu zuba abinci. Abin da ya fara kama mana ido shi ne awo. Ludayi guda ne, cikarsa guda ce, ko kai wane ne. Ba a ƙara wa maƙwabci, ba a rage wa baƙo, babu gyara, babu "kawo gobe". Hoton abinci da kuɗinsa suna sama kowa na gani, a ba ka takardar shaida. Abincin kansa, mu faɗi gaskiya, akwai mata a ƙungiyarmu da hannunsu ya fi wannan daɗi. Sai dai su ɗin, dafa-dukarsu ta Litinin daban take da ta Alhamis, gwargwadon yadda suka tashi.

Yaron ya ce: "Gwaggo, abin da ake biya ke nan. Mutum ya taso daga Kaduna ko Abuja, ya ga allon nan, ya san abin da zai ci tun bai shiga ba." Ya ba mu labarin tsohon nan mai farin gemu da ke jikin allon KFC, Harland Sanders na Amurka. Ya haura shekara sittin lokacin da ya fara bai wa masu gidajen abinci izinin soya kaza da haɗin yajinsa, a 1952, suna ba shi ƴan kwabbai kan kowace kaza da suka sayar. Kajin nasu ne, man nasu ne, hayaƙin ma su ke sha. Nasa haɗi da suna.

A teburin nan ya ɗauki biron sakatariya ya zana mana inda kuɗi ke fita a irin wannan yarjejeniya, kowane kamfani ne. Akwai kuɗin shiga, wanda in ya tafi ya tafi. Akwai gyaran wuri, kuma ba yadda kika ga dama ba: su za su faɗi launin fenti, da irin tukunyar suya, da kujeru, ke ki biya. Sau da yawa wannan ya fi kuɗin shiga nesa ba kusa ba. Akwai kason wata-wata, wanda a manyan kamfanonin Amurka yakan kama daga 4 zuwa 8 cikin ɗari, ga kuma wani kason na talla a kansa. Sannan kayan haɗi, a wurinsu ko wurin wanda suka yarda da shi za ki saya, ko da kin ga mai rahusa a kasuwa. Takardar tana da wa'adi na shekaru, kuma suna da ikon turo mai duba aiki ba tare da sanarwa ba.

A kan kason wata muka daɗe, don nan ne dukanmu muka yi kuskuren fahimta tun ranar da saurayin Yamai ya zo. Mun ɗauka cikin riba ake cirewa. Ashe cikin ciniki ne, wato duk kuɗin da ya shiga aljihun shago kafin a cire komai. Ku bi lissafin da mu. A ce an sayar da na jika ɗari. Kaya da haya da wuta da ladan ma'aikata sun ci jika tamanin da biyar, saura goma sha biyar. In kason mai suna takwas ne cikin ɗari, jika takwas zai ɗauka, a bar miki bakwai. Takwas ɗin da kika ji kamar ba komai, ya cinye fiye da rabin ribarki. In kuwa wata ya zo da tsadar kaji, kuɗin kashewa ya kai tasa'in da biyar, biyar ta rage a hannunki, takwas ɗinsa na nan daram, sai kin ciko uku daga jari. Inna ta sa aka maimaita mata sau biyu, sannan ta ce: "To wanga ai ya hi mai gona wayo. Shi mai gona in hwari ya zo tare muka kuka."

Kada mu yi rashin adalci. Wanda ya biya waɗannan kuɗaɗe yana samun abu a madadinsu: horo, da tsarin da aka riga aka gwada, da masu saye tun ranar buɗewa. Carbin ma'ajiya ya zagaya ya sake zagayawa kafin mu tashi. Amma ko tukwanen suya da injin sanyaya ɗaki na wurin sun fi ƙarfin asusunmu sau da yawa. Wannan kasuwar manyan ƴan kasuwa ce.

Da la'asar ya kai mu ɓangaren zaƙi, wurin da ƙaramarmu ke ɗoki: Cold Stone. Sunan yana nufin dutse mai sanyi, kuma da gaske dutsen ne, shimfiɗaɗɗe, daskararre. A kansa ake zuba askirim a cuɗa shi da gyaɗa ko biskit ko cakulan a gabanka. An fara shi a 1988 a Arizona, yankin hamada mai zafi a Amurka, abin da ya sa Hajiya ta ce ashe ƴan uwanmu ne a shan rana. Ya shigo Najeriya a 2012 tare da Domino's masu fiza, ta hannun kamfani guda, Eat'N'Go, wanda ya karɓi izinin ƙasar baki ɗaya. Wannan ma darasi ne: manyan sunayen waje sukan ba kamfani ɗaya ƙasa sukutum, shi ke buɗe rassa. Ba wuri ba ne da ƙungiyar mata za ta yi sallama ta ce a ba ta reshe.

Mun sayi kofi biyu muka raba mu biyar. Kofi guda ya haura zubin sati na mace biyu. Daɗi kam akwai shi, har Inna ta yi shiru. Masu shigowa samari ne da ƴan mata da iyaye masu yara, kusan kowa sai ya ɗauki hoto kafin ya kai cokali baki. Da muka fito muka zaga ta baya neman adaidaita, sai muka ji rurin gurup, ƙato kamar ɗaki. Hajiya ta tsaya ta dube shi ta ce: "Ku ga mai shagon na gaskiya nan."

Daren nan a tsakar gida muka baje abin a faifai, abinci da zaƙi, kowace ta kare nata. Masu son zaƙi suna da hujja. Wuri kaɗan yake so, mutum biyu sun isa, babu hayaƙi, babu tashin asuba, kuma abin da ake samu kan kowane kofi ya fi abin da ake samu kan farantin shinkafa idan aka auna da kuɗin kayan haɗi. Abin da bai ƙare yau ba yana jiran gobe a cikin sanyi. Abinci kuwa hannu da yawa yake ci, ga gas ko itace, ga farashin kaji da mai da ba ya zama wuri ɗaya, ga kwantai: shinkafar da ta kwana ta zama sadaka. Kuma a Maradi wa za mu yi gasa da shi? Mu da kanmu. Kowane lungu akwai mai tuwo, mai dambu, mai shinkafa da wake, da yawansu ƴan ƙungiyoyinmu ne. Ɗan kabu-kabu da ke cin na dala hamsin ya ƙoshi ba zai biya ninki uku don an zuba masa a kwali mai tambari ba.

Sai dai abinci ana cinsa wata goma sha biyu. Zaƙi mai sanyi yana da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu, da kwanakin azumi in ya faɗo cikin zafi, da ranakun salla, ba a isa a ƙosar da masu saye ba. Amma a Disamba da Janairu, lokacin da yara ke zuwa lakkol hannu cikin hammata, wa zai sha ƙanƙara? Haya ba ta san ɗari ba, kason mai suna ma haka, in an rubuta masa mafi ƙarancin abin da za a biya duk wata. Sannan ga wuta. Mu a Maradi da Damagaram ba sai an ba mu labari ba. Wutarmu ta layin Katsina take zuwa, kuma kowa ta tuna Agustan 2023 da aka yanke ta, yadda masu ƙanƙara da masu kifi suka zubar da kaya. Mai tuwo in wuta ta ɗauke sai ta kunna fitila ta ci gaba. Mai gilas dare ɗaya ya isa ya cinye mata kayan sati. Kuma abin madara in ya narke ba a mayar da shi ya sake daskarewa a sayar wa yaran mutane, don yana iya jawo gudawa da amai. Wadda ta yi haka sau ɗaya a unguwa, ta gama sana'a.

Kwana na biyu muka ce a nuna mana abin da ya yi daidai da tsawonmu. Ashe yana wucewa ta ƙofar gida tun safe: samarin nan masu keke da farin akwati a gaba. Da yawansu na Fan Milk ne, kamfanin da wani ɗan ƙasar Denmak ya kafa a Gana a 1960, wanda yanzu yake hannun Danone na Faransa. Waɗanda suka taɓa zuwa Lome ko Akara sun san FanYogo da FanIce. Tsarin a sauƙaƙe yake. Wakili yana riƙe da ɗakin sanyi, masu keke su ɗauki kaya da safe, da yamma su kawo kuɗin abin da suka sayar su riƙe ladansu. Wannan ma hayar suna ce, ƙarama, ta talaka.

A unguwar akwai wata mata da ke wakilcin wani kamfanin yogot na cikin gari, yawur ke nan a bakinmu. Ta karɓe mu a zaurenta, kwanjilatar biyu na kamfani suna gefe. Ba ta ɓoye mana komai ba. Abin da take samu kan kowace leda kaɗan ne ƙwarai, sai an sayar da yawa ake ganinsa. Ba a yarda ta sa kayan wani a ciki ba, ko zoɓonta na gida. Wuta ita ke biya, abin da ya lalace nata ne, yaron da ya gudu da kuɗin yini ita ke cikawa, kuma ya taɓa faruwa. Amma ta koya mana bambancin da ya fi komai amfani gare mu. Ita ba ta biya kuɗin shiga ba. Kuɗin ajiya ta bayar, a rubuce, wanda in ta mayar da kwanjilatar lafiya za a mayar mata. Ta ce: "Yaya, duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi, ki tambaye shi: in mun rabu, wannan kuɗin zai dawo ko ba zai dawo ba? Ki sa ya rubuta amsar." Sakatariya ta ja layi biyu ƙarƙashin maganar.

Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa da daren ranar muka gan shi, ba ma cikin shirinmu. Yaron ya tsaya saya wa mahaifiyarsa fura. Muka zaci ƙwarya za mu gani da ludayi. Sai ga shago mai haske, firigo jere, samari sun ajiye motoci suna layi. Fura ce da yogot, a dama ta da inji a gabanka, mai so a sa masa dabino ko kwakwa, a zuba a gora mai murfi da takarda manne da suna da lambar waya. Irin waɗannan shaguna sun yi yawa a Kano, wasu suna da rassa a unguwanni da dama. Muka sha. Gero ne, da citta da kanumfari da ɗan barkono, abin da kowace cikinmu ta iya tun ba ta kai aure ba. Ma'ajiya ta juya gorar tana dubawa ta ce, cikin sanyin murya, geron ma wataƙila ta Dawanau ya biyo daga wajenmu.

A hanyar komawa masauki ba wadda ta yi magana mai tsawo. Mun zo neman sunan da za mu yi haya, sai muka tarar ana sayar da abin gidanmu da sunan wasu. Kuma ba sai Kano ba. A Nijar duk madarar leda yaro solani yake ce mata, ko ta wane kamfani ce, don sunan Solani ya riga ya zauna a baki. Niger Lait mace ce ta kafa shi, Zeinabou Maidah, a Yamai a 1994, daga ƙaramin wuri. Kilishin Nijar da albasar Galmi har rajista aka yi wa sunansu don kada kowa ya laƙaba wa kayansa. Alkakin Damagaram da cukun Tawa ba su taɓa biyan kuɗin talla ba, amma duk matafiyi ya san tsarabar da za a tambaye shi.

Inna ce ta hana mu yin nisa da mafarki. Ta ce suna kaya ne mai nauyi. In ƙungiya biyar suka sa suna ɗaya, furar ɗaya ta yi tsami, duka biyar aka zaga. Ta tuna mana yadda muke zuba sukari da ido, da yadda wata ke ƙara ruwa in nono ya yi tsada. Abin da ya sa waɗancan kamfanoni ke turo mai duba aiki ke nan, kuma ta ce ita ba ta ga wadda za ta iya shiga ɗakin girkin ƴar uwarta ta ce mata "wannan bai yi ba" a zauna lafiya. Ba mu da amsa a daren. Washegari dai, bayan Hajiya ta gama da Kwari, muka shiga kasuwar Ƙofar Wambai wajen ƴan robobi, muka tambayi kuɗin goruna masu murfi, muka sayi kofunan awo da cokulan awo kashi biyu, iri ɗaya sak.

Da muka dawo gida, kafin taro, muka yi wani ƙaramin gwaji. Ƙaramarmu, wadda ita ce ta fi matsa a sa hannu, ta tsaya bakin lakkol biyu lokacin tashi ta tambayi yara ashirin ko sun san sunan shagon saurayin Yamai. Babu ko ɗaya. Ita da kanta ta kawo rahoton.

Ranar taro aka kira shi a waya, aka sa a fili kowa na ji, sakatariya na karanto tambayoyi. Shago nawa ke ɗauke da sunan yanzu? Ɗaya, nasa, na biyun yana tafe. Akwai wanda ya taɓa yin hayar sunan da za mu je mu gana da shi mu kaɗai? Mu ne za mu zama na farko. An yi wa sunan rajista? Ana kan hanya. Kason daga ciniki ne ko daga riba? Daga ciniki. In kwanjilatar ta lalace wa zai gyara, kuma tawa ce ko taka? A nan ya ɗan yi jim. In garin haɗi bai iso daga Yamai ba sati biyu, muna iya saye wani wuri? A'a. Zai ba wata ƙungiya a Maradi irin wannan izini? Bai yi alkawari ba. Jika ɗari biyar ɗin, in mun rabu? Ba su dawowa.

Ba mu ce yaron macuci ba ne, kuma ba mu so a ɗauke shi haka. Ya amsa ba tare da ƙarya ba, gilas ɗinsa kuma mai kyau ne. Sai dai sunan da yake son mu yi haya bai riga ya zama suna ba a garinmu. Mu ne za mu yi masa dakonsa lungu-lungu, mu kuma biya. Hajiya ta yi masa tayi: ya zo ya koya wa ƴan matanmu haɗi a biya shi ladan koyarwa, ya sayar mana da gari kamar kowane ɗan kasuwa, ba kaso ba ɗauri. Ya ce zai yi tunani. Har yau da muke rubutun nan bai kira ba.

Aka kaɗa ƙuri'a. Ba a haɗu baki ɗaya ba: mata bakwai har yanzu suna ganin an bar dama ta wuce, kuma in bazara ta zo wata ƙungiya ta buɗe shagon gilas ta yi ciniki, mun san za mu sha gori. Masu son gidan abinci sun janye da kansu bayan lissafin ma'aikata da kwantai. Abin da aka tsayar shi ne a fitar da jika ɗari uku kawai, a gwada fura da yawur a gora na wata uku, daga farkon zafi. Sauran kuɗin na nan cikin akwati. Wata ƙungiya ta ƙetaren gari ta yarda ta shiga gwajin, kofunan awo kashi na biyu suna hannunsu. Za a rubuta awon gero da nono da sukari da kayan yaji a takarda ɗaya a manna a ɗakunan girki biyu. Mai duba aiki kuwa, da aka rasa mai karɓa, sai aka ɗora wa Inna, tunda ita ta tayar da maganar. Ta karɓa da sharaɗin a rubuta cikin littafin ƙungiya cewa duk wadda ta yi fushi da gyara za ta biya tara.

Abu biyu sun rage ba mu warware ba. Na ɗaya, sunan da za a sa a gorar, da kuma wa ke da shi in wata ta fita daga ƙungiya ta ce za ta ci gaba da shi a gidanta. Na biyu, sanyi: firigo mai aiki da farantan sola, ko na wuta da ƙaramin gurup a gefe. Ƴan uwa na Damagaram da Tawa da Yamai, in akwai ƙungiyar da ta yi shekara guda cur da firigon sola, ko ta taɓa riƙe wakilcin wani kamfanin madara, muna roƙo ku aiko mana ta hannun mai kawo muku wannan jarida: nawa kuka kashe, me ya fara lalacewa, kuma wa ya gyara. Muna so mu ji kafin ƙarshen Janairu, don a farkon Fabrairu za a buɗe akwati.